Lafiyar Aro

"Kin taɓa shiga na'urar nan?" Ma'aikaciyar asibitin ce ta tambaya, tana gyara mata matashi a ƙarƙashin wuya.

"A'a," in ji Babba. "Yau ne farko."

Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba, har ita kanta Babba sai da ta yi mamakin yadda bakinta ya goge. Ma'aikaciyar ta toshe mata kunnuwa, ta damƙa mata wata 'yar ƙwallon roba ta ce in ta tsorata ta matsa, sannan gadon ya ja ta a hankali zuwa cikin farin ramin nan mai sanyi inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa.

Ba ta buƙaci bayani ba. Ta san za a ɗan yi shiru, sannan ƙarar ta taso, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ɗakin ɗinki na kamfaninsu in keke sittin suka tashi lokaci guda. Ta san hanci zai yi mata ƙaiƙayi kuma ba damar sosawa. Ta san minti arba'in za ta yi a kwance tana kallon rufin da ya kusa taɓa mata goshi. Shekara bakwai da suka wuce ta kwanta a kan wannan gadon, a wannan asibitin, sai dai ranar da sunan wata ta shigo.

Mai sunan tana nan waje a kan benci, sandarta ta ƙarfe jingine da gwiwa. Ƙarama ke nan, abokiyar tagwaicinta, wadda ta biyo ta duniya da minti goma. Tun daga minti goman nan aka raba musu suna a gida, Babba da Ƙarama, har sunayensu na gaskiya suka koma na takarda kawai. A da, in suka jera, uwar da ta haife su ma sai ta kira ɗaya ta ga wadda za ta waiwayo. Yanzu kuwa ba mai rikicewa, wadda ke tafiya ba sanda ita ce Babba.

Likitar da ke duba Ƙarama ce ta kawo su. Wata huɗu da suka wuce Ƙarama ta faɗi a banɗaki ta kasa tashi, aka kwaso ta zuwa nan, a nan ne ciwon da ya shekara takwas yana cinta ya sami suna. Da likitar ta ji cewa majiyyaciyar 'yar tagwaye ce, kuma masu kama ɗaya, sai fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir. Ta ce tana cikin masu bincike a kan tagwaye irinsu, ɗaya da ciwon ɗaya babu, ta roƙi a kawo mata mai lafiyar. Sau uku Babba tana cewa aiki ya sha mata kai. A karo na huɗu Inna, mahaifiyarsu, ta ce, "Ke, ɗan jini da hoto ne za su gagare ki? Ba 'yar uwarki ba ce?"

Sai ga ta kwance a rami, ƙwallo a hannu, kunya tana hawa mata wuya. Sau biyu ta yi niyyar matsa ƙwallon a fito da ita ta gudu gida. Ba ta matsa ba, don Inna za ta tambayi dalili.

* * *

Musanya dai tsohuwar sana'arsu ce. Tun suna firamare Ƙarama ke yi wa Babba jarrabawar lissafi, ita kuma Babba ta karɓar mata bulala, don bayanta ya fi jurewa. An taɓa yi wa Babba allurar rigakafi sau biyu rana ɗaya, ta wuni da hannu a kumbure, Ƙarama ta lallashe ta da alewa uku. Ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin zamba ba. A ganinsu jiki ɗaya ne aka raba musu gida biyu, wanda ya fi dacewa da aikin ranar shi ake turawa.

Da suka girma kamfani ɗaya ya ɗauke su, mai ɗinka rigunan makaranta da na ma'aikata. Ƙarama ta fi hannu. Wuyan riga, wanda kowa ke gudu, ita ake tura wa, ta fitar da shi kamar an zana. Babba ta fi baki, shi ya sa cikin shekara uku ta bar keke ta zama mai duba aiki, tana yawo tsakanin layuka da tef ɗin awo rataye a wuya, tana mayar wa mutane ɗinkin da ya karkace.

Ciwon bai yi sallama ba. Wata safiya Ƙarama ta kasa zura zare a allura, ta ce idonta na hagu kamar an hura masa hayaƙi. Bayan sati biyu idon ya washe. Sai ƙafar dama ta karɓa, ta taka keke ba ta ji ta taka ba, allura ta yi ta gudu ta ɗinke aljihu har da inda ba aljihu ba. Wata ɗaya ita ma ta saki. Daga nan sai gajiya, irin wadda barci ba ya maganinta. Abin da ya cuce ta ke nan, ciwon mai zuwa ne ya tafi. Ranar Litinin tana jan ƙafa, ranar Asabar a gan ta tana shanya kaya tana 'yar waƙarta. Mu kuwa ciwon da muka yarda da shi sai mai jini, ko kumburi, ko zafin jikin da za a taɓa a ji. Wanda ido bai gani ba, tuni muka raɗa masa suna lalaci.

Da rigunan da ta ɓata suka yi yawa, manaja ya rubuta takarda: ta je asibiti a duba ta, in ba ta da lafiyar aiki a sallame ta. Ana tashi ta ja Babba bayan ɗakin ajiye yadi, idonta ya yi ja.

"Yaya, in suka ga wani abu shi ke nan, an kore ni. Baban yarinya wata uku motarsa na gareji. Ki je mini."

"Asibiti ne fa, ba ajin lissafi ba."

"Katina kawai za ki nuna. Wa zai gane? Gajiya ce, in na huta zan warware."

Babba ta je. Ta ɗaura ɗankwalin Ƙarama, ta ari muryarta mai sanyi, har da yadda take sunkuyar da kai in ana mata magana. Aka buga mata 'yar guduma a gwiwa ƙafa ta yi tsalle, aka ce ta bi layi ta bi, ta karanta haruffan bango har na can ƙasa waɗanda kamar tururuwa. Likitan da ya duba ta mutum ne mai tsantseni, ya ce tunda takardar kamfani ta ambaci ido da ƙafa, sai an ɗauki hoton kai. Aka ɗauka. Bayan kwana biyar sakamako ya fito da hatimi, sunan Ƙarama a sama, a ƙasa kuma kalma biyu da aka ja wa layi: lafiya ƙalau. Suka yi dariya har da tafawa, suka sayi lemo mai sanyi kwalba ɗaya suka raba.

* * *

Takardar ta tsare wa Ƙarama aikin har wata takwas, daga nan ta juyo kan mai ita. Ƙafar ta dawo, wannan karon ta taho da hannu. Manaja ya ce asibiti ya riga ya wanke ta daga ciwo, saboda haka abin da ya rage ganganci ne, ya nuna mata ƙofa. Mijinta, direban babbar mota ne mai saurin hawa, ya dawo daga tafiya ya tarar da wanke-wanken kwana uku da mace a kwance. Sau ɗaya ya jure, sau biyu ya jure, na uku ya tara mutane a falon Inna.

Kawu ya zo, gwaggo ta zo. Rashin sa'a kuma ranar akwai baƙuwa, yayar mutumin da ke neman auren Babba, ta shigo gaisuwa aka rasa yadda za a ce mata ta tashi. A satin nan ne kuma ake maganar ƙara wa Babba girma a kamfani.

Direba ya zaro takardar daga aljihu ya ɗaga ta sama. "Ga shi, likita ne ya rubuta, ba ni ba. Har cikin kanta an leƙa, ba komai. Kuma ga 'yar uwarta nan zaune, ciki ɗaya, nono ɗaya, jini ɗaya. In ciwo ne me ya hana shi taɓa wannan? Kullum tana tsaye kamar soja."

Kawu ya gyaɗa kai. Hujjar ta yi wa kowa daɗi, don ba ta buƙatar a wahalar da tunani, kallon fuska biyu kawai za a yi.

Ƙarama ta ɗago. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma ba wanda bai ji ba. "Ba ni aka duba ba. Yaya ce ta je mini."

Idanu suka koma kan Babba, har da na baƙuwar, wadda ta ajiye kofin shayinta don kada komai ya wuce ta. Babba ta hango aikinta, ta hango auren, ta hango manaja yana rubuta wata takardar da nata sunan. Sai ta ji bakinta ya buɗe.

"Ni? Yaushe? Haba Ƙarama, ki ji tsoron Allah mana."

Har yau tana jin muryar nan tata a kunne, da 'yar dariyar da ta haɗa da ita. Dariyar ce ta fi ci mata rai, don ba a tambaye ta dariya ba, kyauta ta ƙara. Ƙarama ba ta yi musu ba, ba ta rantse ba. Ta dube ta sau ɗaya, sannan ta mayar da idonta kan yatsun ƙafarta. Gwaggo ta ce lalaci dai an ji an gani, amma a yi wa 'yar uwa ƙazafi, wannan ya wuce wuri.

Kafin wata ya ƙare aure ya mutu. Direba ya tafi da 'yarsu, 'yar shekara huɗu, ya ce ba zai bari a koya mata kwanciya ba. Ƙarama ta dawo ɗakin baya na gidan Inna, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Mutanen gida suka sa mata suna Gimbiya, tunda komai sai an kai mata. Ba wanda ya ƙara ɗaga zancen asibiti, wa zai ɗauki mai lafiya ƙalau ya kai likita? Inna ta naɗe takardar a leda ta sa a ƙasan akwati, duk ranar da ranta ya ɓaci sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "In kin manta ne in ɗauko miki."

Babba kuwa aka ƙara mata girma, aka yi auren, ta haifi maza biyu. Duk ƙarshen mako tana zuwa da sabulu da madara da man zafi, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakin bayan, ta yi gaisuwa a tsaye kamar mai jiran mota. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, wanda ya fi ƙaryar falon muni, shi ne da tafiya ta yi nisa ita ma ta fara yarda da takardar. Ta san ta bogi ce, da kanta aka haɗa ta, amma yardar ta fi mata sauƙi. In ciwon Ƙarama gaskiya ne, kuma jininsu ɗaya, to yana nan tafe gare ta. Duk ranar da ta yi dogon zama ƙafarta ta mutu sai gabanta ya faɗi, ta miƙe tana tattaka ƙasa. In kuwa lalaci ne, ai ta tsira, tunda ita ba raguwa ba ce. Sai ta zaɓi lalaci. Har takan leƙa ta ce, "Ki riƙa daurewa mana, jiki sai da motsi." Ƙarama ta ce, "To, Yaya."

* * *

Bayan kwana goma da ɗaukar hoton likitar ta kira su tare. Siririyar mace ce mai gilashi, mai saurin magana, ofishinta cike da fayil har kan kujerar baƙi, sai da ta kwashe suka sami wurin zama.

"Bari in fara da dalilin da ya sa na matsa muku," in ji ta. "Ciwon nan, Em-Es muke ce masa a taƙaice. Kun san wayar lantarki da robar da ke lulluɓe da ita? Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa haka suke. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ce ke rikicewa ta koma tana cin robar. Inda ta ci, saƙo sai ya riƙa yankewa. Yau ido, gobe ƙafa. Ya lafa, ya dawo."

"Gado ne?" Babba ta tambaya. Shekara bakwai tana riƙe da tambayar nan a maƙogwaro.

"Da gado ne kaɗai, da ke ma kina da shi, tunda halittarku ɗaya ce. Amma a tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ta kamu, yawanci ɗayar ba ta kamuwa. Kusan uku cikin huɗu suna tsira. Jini buɗe ƙofa kawai yake yi, wani abu daban ne ke shigowa. Muna zargin wata ƙwayar cuta da kusan kowa ke ɗauka tun ƙuruciya, da ƙarancin hasken rana, da hayaƙin taba, har da ƙwayoyin da ke zaune a hanji. Shi ya sa irinku ke da daraja a wurinmu. Tunda jinin ɗaya ne, duk bambancin da muka gani tsakaninku, nan za mu tona."

Ƙarama ta yi ɗan murmushi. "Ashe lafiyar Yaya ba shaida ba ce a kaina."

"Wa ya ce shaida ce?"

Likitar ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Hotuna uku ne a jere, ƙwaƙwalwa uku masu launin toka.

"Na hagu naki ne na bana," ta ce wa Ƙarama. Fararen tabo sun watsu a cikinsa kamar an yi ɓarin shinkafa. "Na tsakiya na tono shi daga tsohon fayil ɗinki, na shekara bakwai. Fes yake, ko ɗigo babu. Shi ya ɗaure mini kai. In hoton nan gaskiya ne, to duk ɓarnar nan cikin ɗan lokaci aka yi ta, ciwonki mai gudu ne ƙwarai, kuma dole in ɗora ki a kan mafi ƙarfin maganin da muke da shi, mai danne garkuwar jiki sosai. Yana da haɗari. Sati mai zuwa na shirya mu fara." Ta ɗauki biro ta nuna. "Sai na lura da wannan. Kun ga ɗan ƙullin ruwan nan a bayan kai, kamar ƙwayar gyaɗa? Ba ya cutarwa, da shi ake haihuwar wasu. Yana cikin tsohon hoton. A naki na bana babu shi." Biron ya matsa zuwa dama. "Ga shi kuma a nan, wuri ɗaya, girma ɗaya. Wannan hoton yayarki ne."

Fanka tana juyawa a sama, amma Babba ta ji gumi yana bin bayanta. Ta kafa ido a kan ƙwayar gyaɗar nan. Shekara talatin da huɗu tana yawo da ita a kai, ba ta san tana ɗauke da mai ba da shaida ba.

"Ni ce, likita," in ji Ƙarama, ko gefe ba ta kalla ba. "Ni aka ɗauka. Wataƙila ƙullin narkewa ya yi."

"Da wuya irinsa ya narke, balle ya yi ƙaura zuwa kan wata."

"To ni dai haka na sani. Yaya ma'aikaciya ce, tana da miji da yara. A bar maganar, a ba ni maganin."

Wannan ne ya karya Babba. Da zaginta Ƙarama ta yi, da ta iya ɗauka, da ma ta ji sanyi. Amma mace ta yarda a ɗura mata magani mai haɗari don ta rufa asirin wadda ta ƙaryata ta a gaban dangi, wannan ya fi ƙarfinta. Ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar ɗakin ɗinki, keke sittin sun tsaya ana kallonta.

"Kaina ne," ta ce. Muryar da ke cika ɗakin ɗinki ta koma kamar ta mai mura. "Ni na zo da katinta. Kuma ta faɗa a gida, a gaban kowa, na ce ƙarya take yi."

Likitar ta cire gilashinta ta goge da gefen riga. Ba ta yi faɗa ba, alhali Babba ta so ta yi. Ta mayar da gilashin ta juya ga Ƙarama.

"Yaushe idon ya fara?"

"Shekara takwas ke nan da 'yan watanni."

Ta rubuta, ta ja layi a kan wani abu da ta rubuta a baya. "To, wannan ya canza komai. A hankali ya yi ta tafiya, ba da gudu ba. Ba sai mun kai ga wancan maganin ba, akwai hanya mai sauƙi."

"Likita," in ji Babba, "da ita aka ɗauka ranar..."

"Gaskiya kike so?"

"Ita nake so."

"Ba a warkar da shi. Amma akwai magungunan da ke rage masa ƙarfi, kuma sun fi aiki in an fara da wuri. Ba zan rantse miki ba, sai dai ina jin da yanzu ba ta riƙe da sandar nan. Abin da ya riga ya tafi kuwa da wuya ya dawo."

Babba ta nuna hoton dama. "Nawa hoton fa? Babu ko ɗaya daga cikin fararen nan?"

Ita kanta ta ji yadda tambayar ta fito kamar roƙo. Ciwon da ta shekara bakwai tana gudu, yau ta zo da fatan a ga ko ɗigo ɗaya nasa a kanta, abin da za ta riƙe ta ce ni ma ga rabona.

"Babu," in ji likitar. "Za mu riƙa duba ki duk shekara. Amma yanzu dai lafiyarki ƙalau."

* * *

Da la'asar suka iso gida, sun tarar da Inna a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ƙarama ta wuce ɗakinta tana dogara sanda. Babba ta durƙusa a gaban tiren ta faɗi komai, tun daga katin har dariyar, ba ta rage ba.

Hannun Inna ya tsaya a cikin shinkafar. "Shekara bakwai ina tsayawa a ƙofar nan ina ce mata..." Ba ta ƙarasa ba. Ta share ido da bayan hannu, ta duba ƙofar gida, sannan ta rage murya. "Kada mijinki ya ji. Kawunku ma ba sai ya ji ba. A ce dai ciwon daga baya ya same ta."

"Yarinyar fa, Inna? Shekararta sha ɗaya, abin da aka gaya mata shi ne uwarta raguwa ce. Gobe zan je wurin ubanta."

"Ki tona wa kanki asiri?"

Kafin ta amsa muryar Ƙarama ta fito daga ɗakin baya. "Inna, ɗauko mini takardar nan."

Inna, da ta sha yin barazanar ɗaukowa, yau sai da aka maimaita mata. Ta shiga ɗakinta, aka ji ƙarar akwati, ta fito da ledar ta miƙa wa Babba ba tare da ta dube ta ba. Ita Inna ba ta iya shiga ɗakin bayan ba.

Babba ta shiga ta zauna a bakin gado. Rabonta da zama a ɗakin nan ba ta iya tunawa, shi ya sa sai yau ta gan shi. Akwai igiya ɗaure a ƙarfen taga, ta yi baƙi saboda kamu, da ita Ƙarama ke jan jikinta ta tashi. Akwai bokiti mai murfi a ƙarƙashin gado. A kan akwati ga wata 'yar riga ta yarinya 'yar shekara huɗu, an gama jikinta, wuyan kuma an yi rabi an tsaya, allura tana soke a ciki ta yi tsatsa.

Ƙarama ta karɓi ledar ta fara kwance ƙullin. Yatsun da ke fitar da wuyan riga kamar an zana suna ta zamewa. Babba ta miƙa hannu.

"Bari, zan iya."

Ta ɗauki lokaci, amma ta kwance. Ta buɗe takardar, wadda ta yi ja a wuraren ninki, ta shafa ta a kan cinya har ta miƙe, sannan ta miƙo.

"Karɓi abinki, Yaya. Lafiyarki ce na ara. Ba ta shige ni ba."

"Ki yafe mini, Ƙarama."

"Zuwan ai ni na roƙe ki, wannan ba laifinki ba ne ke kaɗai. Musun ma na yi miki uzuri, tsoro ne." Ta juya fuskarta wajen tagar da ke kallon bango. "Dariyar ce nake ta ƙoƙarin yafewa. Har yanzu ban iya ba."

A tsakar gida shinkafa ta ci gaba da motsi a tire, a hankali, kamar mai tsintar ba ta ganin abin da take yi.

"In za ki fita," in ji Ƙarama, "ki matso mini da sandar kusa."

Babba ta matso da ita ta jingina a jikin gado, inda hannu zai kai. Amma ba ta fita ba. Ta zauna da takardar a kan gwiwarta, sunan ƙanwarta a sama, kalma biyu a ƙasa da layi a ƙarƙashinsu, hatimin kuma ko koɗewa bai yi ba.